BAYANI: Dara, kacici-kacici da hatimi, tsohuwar makarantar lissafin Bahaushe

Toranke ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Ajingi a gabashin Jihar Kano, a ƙarƙashin Masarautar Gaya wadda dokar 2024 ta bar mata Gaya da Ajingi da Albasu. A irin waɗannan garuruwa na manoma, yaro yakan fara koyon lissafi da sarrafa harshe a dandali da gindin bishiya tun kafin ya ga allon aji. Wannan bayani ya tattaro manyan wasannin da ke yin wannan aiki, da dalilin da ya sa batunsu ya shiga muhawarar ilimi.

Kacici-kacici da wasa ƙwaƙwalwa

Kacici-kacici gajeriyar tambaya ce da ke ɓoye abu a cikin siffar wani abu. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" tsintsiya ce. "Baba na ɗaka, gemu na waje" wuta ce da hayaƙinta. Wanda ya kasa amsawa sai ya ba da gari, mai tambaya ya karɓa ko ya raina shi ya nemi wanda ya fi, sannan ya warware. Da haka yara ke haddace sunayen garuruwa ba tare da an zaunar da su ba.

Wasa ƙwaƙwalwa ya fi tsawo, domin matsala ce mai matakai. Sanannen misali shi ne na mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, alhali kwalekwalensa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya an yi ɓarna, haka ma akuya da harawa. Mafita ita ce ya fara kai akuya ya dawo, ya kai kura ya komo da akuya, ya ajiye ta ya kai harawa, ya dawo ya ɗauki akuya: ƙetarawa 7 ke nan. Irin wannan matsala tana cikin wani kundin Latin da ake dangantawa da malamin nan Alcuin, wanda ya rasu a 804, kuma ana ba da ita a sassa da dama na Afirka da dabbobin kowane yanki.

Zaurance da karya harshe

Zaurance shi ne sauya fasalin kalma don a ɓatar da wanda bai san dokar ba. Wani a cusa gaɓa bayan kowace gaɓa, kamar "kasuwa" ta koma "kadasudawada". Wani a juya gaɓoɓin, "tuwo" ya zama "wotu". Mai yin sa dole ya iya yanka kalma gaɓa-gaɓa cikin sauri, wanda shi ne matakin farko na koyon karatu. Karya harshe kuwa, irin su "turmi ture kura, kura ture turmi", yana horar da furuci. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara da yawa daga adabin yara a jerin littattafansa Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970.

Dara

Dara wasan mutum biyu ne, galibi a gurabe 30 da ake tonawa a ƙasa, layi 5 mai gurbi 6 kowanne. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya tsinke, ɗaya tsakuwa. Da farko ana dasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga gusar da su gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe. Duk wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Jeren huɗu ba ya ci. Wasa ya ƙare idan ɗaya ya kasa sake jera uku. Dakarkari da Zabarmawa ma suna yin irinta. Daga nan ne Hausa ta samo "dara ta ci gida", ga wanda dabararsa ta koma kansa.

Hatimi da Alkashinawi

A zauren malamai lissafi ya ɗauki wata siffa. Kowane harafin Larabci yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4. Da wannan ne marubuta waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi.

Hatimi kuwa, ban da amfanin da ake yi da shi a tsibbu, ginin lissafi ne tsantsa. Mafi sauƙi shi ne mai gida 9: layin farko 4, 9, 2, na biyu 3, 5, 7, na uku 8, 1, 6. Ta kowace fuska aka tara, tsaye, kwance ko a karkace, 15 ake samu. Mai gida 25 yana ba da 65.

Babban gwanin wannan fanni shi ne Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci wanda ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai layuka mara, wato 3, 5, 7 da sauransu. Ya zauna a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, kuma a can ya rasu a 1741.

Ƙidaya a kasuwa

Kalmomin ashirin, talatin har zuwa casa'in aro ne daga Larabci. Kafin su akwai gomiya biyu, gomiya uku, da hauya mai nufin 20. Har yau ana cewa "ashirin ba ɗaya" a nufi 19, wato ragi a cikin sunan lambar kanta. A Najeriya jaka ita ce naira 200. A Maraɗi da Damagaram dala ita ce sefa 5, don haka mai sayen abin dala ashirin ya san sefa 100 zai biya. Ninkawa ce da ake yi da ka sau da yawa a yini.

Inda siyasa ta shigo

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano. A matakin tarayya, gwamnati ta amince a Nuwamban 2022, zamanin Minista Adamu Adamu, a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke manufar da komawa Ingilishi, yana kafa hujja da faɗuwa jarrabawa.

Masu goyon bayan sokewar suna nuni da ƙarancin littattafai da malaman da aka horar, da kuma cewa da Ingilishi ake rubuta manyan jarrabawa. Masu adawa suna tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon shekara 6 ba su gaza takwarorinsu ba, har a darasin Ingilishi.

Ga yaron Toranke, tambayar a fili take. Ya shigo aji ya iya hango motsi uku a dara, ya iya raba kalma gaɓa-gaɓa, ya iya ba da canji a kasuwa. Ko makaranta ta ɗora a kan wannan, ko ta ɗauke shi kamar wanda bai san komai ba don bai ji Ingilishi ba. Amsar tana cikin manhaja da horar da malamai da kasafin kuɗi, kuma waɗannan ne ya kamata matasa su riƙa tambayar wakilansu a kai.