Hanyar Kanak: yadda magini ya koyi shiga gidan mutane

Sabuwar Kaledoniya tsibirai ne cikin Tekun Pasifik, gabas da Ostareliya. Faransa ta kafa tutarta can a 1853, ta amshe ƙasar noma daga hannun Kanak, mutanen asalin wurin, ta tattara su cikin ƴan keɓaɓɓun yankuna. Dokar nan ta Indigénat da kakanninmu suka ɗanɗana nan Nijar, mai ɗauri ba shari'a da aikin dole, su ma ta hau kansu har 1946. A 1931 ma an ɗebi Kanak fiye da ɗari an kai Paris, ana nuna su ga ƴan kallo wai masu cin naman mutane ne.

Sai da jini ya zuba kafin a saurare su. A watan Mayu na 1988 sojan Faransa suka faɗa wa wani kogo a tsibirin Ouvéa inda ƴan neman ƴanci ke tsare da jandarmomi. Kanak 19 da soja 2 suka mutu. A watan Yuni jagoransu, Jean-Marie Tjibaou, ya sa hannu kan yarjejeniyar Matignon. Ba a cika shekara ba, ran 4 ga Mayu 1989, wani ɗan ƙabilarsa da ke ganin sulhun cin amana ne ya harbe shi.

Daga wannan sulhu ne aka samu cibiyar al'adun Kanak mai sunansa, a gefen Numeya, babban birnin ƙasar. Renzo Piano, ɗan Italiya, shi ya ci gasar zanen a 1991. Bai san Kanak ba, kuma bai yi kamar ya sani ba. Ya jawo Alban Bensa, masanin da ya daɗe yana bincike cikinsu, ya kuma zauna da hukumar raya al'adun Kanak wadda matar marigayin, Marie-Claude Tjibaou, ke shugabanta.

Abin da hotuna ke nunawa shi ne dogayen ɗakuna goma masu siffar bukkar gargajiya, mafi tsawonsu mita 28. Kansu a buɗe yake kamar ba a gama gini ba, kuma da gangan ne: Tjibaou ya sha nuna cewa al'adar mutanensa aba ce mai rai da ke gaba, ba kayan tarihi da za a kulle wa baƙi su zo kallo ba. Iskar teku ke sanyaya ɗakunan, ta cikin tagogin da ake buɗewa gwargwadon ƙarfinta.

Ni dai a ganina ba nan gwanintar take ba, a ƙasa take. Bature ya saba da miƙaƙƙiyar hanya daga titi zuwa ƙofa. Ga Kanak kuwa baƙo ba ya faɗo wa gida kai tsaye; yana tsayawa, ya miƙa ƴar kyauta kamar yadi da ɗan kuɗi, ya faɗi ko shi wane ne. Wanda ya san zaure da sallama ba sai an yi masa dogon bayani ba. Saboda haka aka shimfiɗa wata hanya mai kewaye ginin, ana kiranta hanyar Kanak. Tana bin labarin Téâ Kanaké, wanda suka ɗauka kakansu na farko, mataki biyar daga asalin halitta har sake haihuwa. Ba rubutu ne ke ɗauke da labarin ba, tsirrai ne: doya da ke wakiltar namiji, gwaza da ke wakiltar mace, da sauran itatuwan da kowane ke da ma'anarsa. Malamin da ya kai ɗalibansa can darasin tarihi yake yi da ƙafa. Kuma wannan ilimi ba daga ofishin Piano ya fito ba. Masu ƙasar ne suka faɗi wane icce ya dace da wane wuri.

Akwai abin suka, ba shakka. Kuɗin na Paris ne, katakon iroko da aka yi ginin da shi, wanda gara ba ta ci da sauƙi, daga Afirka aka yi jigilarsa. An buɗe cibiyar a watan Mayu na 1998, lokacin da aka sa hannu kan yarjejeniyar Numeya. Tun daga nan an kaɗa ƙuri'ar raba gardama sau uku kan ƴancin kai, a 2018 da 2020 da 2021, ta ƙarshen ƴan neman ƴanci suka ƙaurace mata. A watan Mayu na 2024 rikici ya sake ɓarkewa a Numeya kan wa ke da ikon zaɓe.