Gona da Birni: Tarihin Ƙaramin Manomi a Kewayen Kano

Tambayar da za mu duba a yau ita ce: me ya tsare ƙaramar gona a bakin birnin Kano shekaru aru-aru, me kuma ya sa wannan tsari ya rushe cikin ɗan ƙanƙanen lokaci?

Da farko ya kamata mu tuna cewa a Kano ta dā, gona da gida ba abokan gaba ba ne. Badalar da Sarki Gijimasu ya fara, wadda Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa, ta kewaye gonaki tare da gidaje, domin jama'a su sami abin ci ko da abokan gaba sun yi wa birni ƙawanya. Da Baturen nan Clapperton ya iso Kano cikin 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da rubu'in filin da ke cikin badala ba, saura kuwa gonaki ne da lambuna.

A bayan badala ma haka abin yake. Binciken da Michael Mortimore ya yi cikin shekarun 1960 ya nuna yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba. Sirrin abin shi ne taki. Da rani jakuna kan shigo birni da itace, su koma da mangaloli cike da toka da shara da kashin dabbobi. Watau birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni, saboda haka babu mai sha'awar ganin bayan ɗan'uwansa.

Isowar jirgin ƙasa cikin 1911 da cinikin gyaɗa da ya biyo baya suka buɗe sababbin unguwanni a wajen badala. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, sai ma'aikata da masana'antu suka yawaita, ƙauyuka irin su Hotoro da Na'ibawa da Dorayi suka zama unguwanni. A nan ne darajar ƙasa ta juya: abin da fuloti ɗaya zai kawo a rana guda ya zarce abin da gero zai kawo cikin damuna masu yawa. Rabon gado kuma ya yayyanka gandu, har kason magaji ya kasa ciyar da iyali, sai dillalin awon igiya ya same shi a shirye.

Sa'an nan ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ta kuma ba shi ikon ayyana wuraren da za a kira birni. A irin waɗannan wurare, mai filin da ba a gina ba, rabin hekta kaɗai dokar ta bar masa. In kuwa an karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar shuka da itatuwa da gini ake biya, ba ta ƙasar kanta ba. Ta haka aikin taki na kaka da kakanni ya tashi a banza a idon doka.

Darasin a fili yake. Gonar bakin birni ta rayu ne muddin birni yana bukatarta, ba don tausayi ba. Ku da za ku zauna a ofisoshin filaye da tsara birane, in kuna son ta saura, to sai ku sa mata wuri a cikin taswira tun kafin igiyar dillali ta isa: a keɓe fadamu da lambuna, a ba manomi takardar mallaka, a kuma taimaki magada su riƙe gandu a dunƙule. Magabatan da suka gina badala sun auna abincin birni kafin su auna gidajensa.