Tarihin Jiragen Agusta Masu Saukar Ungulu, Daga Italiya Zuwa Samaniyar Kaduna

Jirgi mai saukar ungulu, wanda wasu ke kira shalkwafta, ya samo sunansa na Hausa ne daga yadda yake dira. Ba ya neman dogon titi. Yakan tsaya cak a sama, sannan ya sauko a tsaye kamar yadda ungulu ke dira a mahauta. A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan na jihar Kaduna babu filin jirgin sama, mafi kusa shi ne na Zariya. Don haka jirgin da zai iya taɓa ƙasa a wannan yanki na manoman rake da tumatir shi ne mai saukar ungulu, domin filin ƙwallon makaranta ma ya ishe shi. Da yawa daga cikin irin waɗannan jirage da gwamnatin Najeriya da sojojinta suka mallaka 'yan gida ɗaya ne, wato kamfanin Agusta na ƙasar Italiya, wanda yau yake cikin kamfanin Leonardo. Gidan yana ƙera na yaƙi, yana ƙera na farar hula, kuma sau da yawa gangar jiki ɗaya ce ake yi wa shiga iri biyu.

Abin da ke ɗaga jirgin shi ne babbar farfelar da ke samansa, wadda kowane reshe nata fiffike ne mai zaman kansa. Matuƙi na riƙe da sanda a hannun hagu, wadda in ya ja ta sama duk rassan za su ƙara karkata su ƙara cin iska, jirgin ya tashi. Sandar hannun dama ita ke karkatar da farfelar gaba ko baya ko gefe. Da yake juyawar babbar farfela na ƙoƙarin murɗa gangar jirgin zuwa ɗaya ɓangaren, sai aka sa ƙaramar farfela a wutsiya tana riƙe shi, matuƙi na sarrafa ta da ƙafafunsa. Wannan tarin ƙarafa masu juyawa shi ya sa jirgin ke da tsadar riƙo: kowane sashe yana da adadin sa'o'in tashi da in ya cika dole a cire shi, ko da a ido lafiyarsa ƙalau.

Giovanni Agusta ne ya kafa kamfanin a 1923 a Cascina Costa da ke arewacin Italiya, kusa da birnin Milan, inda ya fara da gyara da ƙera jirage masu fiffike. Ya rasu a 1927, matarsa da 'ya'yansa suka ci gaba da riƙe gidan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an hana Italiya ƙera jiragen sama na wani lokaci, sai ɗansa Domenico ya juya akalar ma'aikata zuwa ƙera babura da sunan MV Agusta a 1945, kuma baburan suka yi suna a gasar tsere ta duniya. A 1952 kamfanin ya sami lasisi daga kamfanin Bell na Amurka don ƙera ƙaramin jirgin nan Bell 47, mai gaban gilashi kamar ƙwarya, wanda na farkonsa ƙirar Italiya ya tashi a 1954. Daga nan aka bi da wasu samfurorin Bell, irin su 204 da 205 da 206 da 212, da kuma manyan jirage na Sikorsky da Boeing. Shekara kusan ashirin kamfanin ya yi yana aiki da zanen wasu, kuma a wannan zama na koyon sana'a ne injiniyoyinsa suka goge.

Jirgin da ya fito da sunan gidan shi ne A109, wanda ya fara tashi ranar 4 ga Agusta, 1971, aka soma miƙa shi ga masu saye a 1976. Yana da inji biyu, yana ɗaukar mutum takwas har da matuƙi, kuma ƙafafunsa masu taya suna naɗewa cikin jiki bayan tashi, abin da ya ba shi santsi da gudu. Samfurinsa na baya da ake kira Power yana tafiyar wajen kilomita 280 a sa'a. Inji biyu na nufin in ɗaya ya mutu ɗayan zai iya kai jirgin inda zai sauka, shi ya sa attajirai da gwamnatoci suka so shi. A Suwizalan an yi amfani da shi wajen ceto mutane a kan duwatsu, masu tsaron gaɓar tekun Amurka sun yi hayarsa don farautar jiragen ruwan masu safarar miyagun ƙwayoyi, sojojin Beljiyam da na Afirka ta Kudu kuma suka saye shi da kayan yaƙi. Bambancin na soja da na farar hula yana cikin abin da aka ɗora: wancan da sulke da wurin maƙala bindiga da roka da na'urar gani da dare, wannan da kujerun alfarma ko gadon marar lafiya. A 1995 aka fitar da ƙaninsa mai inji ɗaya, A119, don masu neman sauƙin kuɗi.

Jirgin yaƙi zalla na farko da gidan ya ƙera shi ne A129, wanda ya tashi a 1983, sojojin Italiya suka fara aiki da shi a 1990. An raɗa masa suna Mangusta, wato tunku, dabbar nan da ta shahara da kashe maciji. Shi ne jirgin kai farmaki mai saukar ungulu na farko da aka zana kuma aka ƙera gaba ɗaya a Yammacin Turai. Siriri ne, mutum biyu kawai yake ɗauka, ɗaya a gaba ɗaya a baya, domin ya yi wa mai harbi daga ƙasa wuyar saiti. Daga baya Turkiyya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin, ta ƙera nata samfurin mai suna T129 ATAK, wanda ya fara tashi a 2009, da injuna masu ƙarfi da bindiga mai baki uku a ƙarƙashin hancinsa.

Ɗaya reshen tarihin yana Ingila. Kamfanin Westland da ke garin Yeovil shi ma da lasisi ya fara, daga Sikorsky, jim kaɗan bayan yaƙin duniya, kafin ya ƙera nasa jirgin Lynx, wanda a 1986 ya kafa tarihin gudu na kilomita 400 da ɗoriya a sa'a. Kamfanonin biyu sun haɗa kai wajen ƙera babban jirgi mai inji uku, EH101, wanda ya tashi a 1987, yanzu kuma ake kira AW101. Haɗin gwiwar ya kai ga haɗewa a shekarar 2000 da sunan AgustaWestland, a 2004 kuma kamfanin Finmeccanica na Italiya, uwar gidan Agusta, ya saye rabon abokin tarayyarsa na Ingila. A 2016 aka narkar da kamfanin cikin uwar gidansa, wadda ta koma Leonardo, amma haruffan AW sun ci gaba da zama a kan sunayen jiragen.

Wanda ya fi kowane samun kasuwa shi ne AW139, da ya fara tashi a watan Fabrairun 2001. An fara aikinsa tare da Bell, har 2005 da Bell ya sayar da rabonsa. Nauyinsa ya kai wajen tan bakwai, yana ɗaukar fasinja har goma sha biyar, kuma a 2019 aka miƙa na dubu ɗaya. Masu haƙar mai a teku da 'yan sanda da masu ceto da shugabannin ƙasashe duk suna amfani da shi, sojojin saman Amurka ma sun zaɓi wani samfurinsa a 2018. A kansa aka gina yayansa AW189, wanda ya tashi a 2011, da ƙaninsa AW169 a 2012. An tsara ɗakin tuƙin ukun iri ɗaya, domin matuƙin da ya iya ɗaya ya koma ɗayan da gajeren horo, makaniki kuma ya yi aiki da kayan gyara masu kama da juna. Cinikin jiragen bai rasa tabo ba: sayen A109 da Beljiyam ta yi a 1988 ya haifar da badaƙalar cin hanci da ta sa Willy Claes ya sauka daga shugabancin ƙungiyar NATO a 1995, Indiya kuma ta soke kwangilar AW101 guda goma sha biyu a 2014 bisa irin wannan zargi.

A Najeriya, sojojin ruwa ne suka fara da 'yan wannan dangi, da Lynx guda uku da suka samu daga Westland a 1984, bayan shekarar 2000 kuma suka koma ga A109 don sintiri a gaɓar teku da fadamun Neja Delta. Rundunar sojin sama, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, kuma Kaduna na cikin sansanoninta na farko, ta karɓi samfurin soja na A109 wajen 2010. A watan Afrilun 2019 aka ƙaddamar da wasu biyu samfurin Power masu ɗauke da makamai a Abuja, aka ƙara biyu a Fabrairun 2020. Sannan aka sayo T129 guda shida daga Turkiyya, biyun farko aka ƙaddamar da su a Makurɗi a Fabrairun 2024. An yi waɗannan sayayya ne a lokacin da yaƙi da Boko Haram a Arewa maso Gabas da matsalar 'yan bindiga a dazukan Birnin Gwari da Giwa da Zamfara da Katsina suka sa rundunar neman jirgin da zai iya shawagi ƙasa-ƙasa a kan daji, ya kwashe wanda ya ji rauni inda mota ba ta shiga. A ɓangaren farar hula, AW139 yana cikin ayarin jiragen fadar shugaban ƙasa, kamfanonin haya kuma suna jigilar ma'aikatan mai da shi daga Legas da Fatakwal.

Ranar da sunan Agusta ya shiga tarihin jihar Kaduna ita ce Asabar, 15 ga Disamba, 2012. Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa ya halarci wata jana'iza a Okoroba da ke jihar Bayelsa, ya shiga jirgin A109 na sojojin ruwa zuwa Fatakwal, jirgin ya faɗi cikin daji jim kaɗan bayan tashi. Duka mutum shida da ke ciki suka rasu, har da Janar Andrew Azazi, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Yakowa ɗan Fadan Kagoma ne a kudancin jihar, kuma Ahmed Mohammed Makarfi, ɗan garin Makarfi da ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, shi ne ya ɗauke shi mataimaki a 2005 bayan rasuwar Stephen Shekari. Ya ci gaba da zama mataimaki a ƙarƙashin Namadi Sambo, ya hau kujerar gwamna a Mayun 2010 da Sambo ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ya kuma ci zaɓen 2011. Washegarin haɗarin aka rantsar da mataimakinsa, Mukhtar Ramalan Yero, ɗan Zariya, mulkin jihar ya dawo arewacinta.

Haɗari na biyu da aka daɗe ana zancensa ya faru ne ranar 2 ga Fabrairu, 2019, a Kabba ta jihar Kogi, inda AW139 da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya kife a wajen sauka, amma kowa ya fita da rai. Bincike ya danganta abin da ƙurar da farfela ta tayar. Wannan haɗari ne da ya shafi duk busasshen fili na Arewa a lokacin rani da hunturu. Yayin da jirgin ya rage 'yan kamu kaɗan ya taɓa ƙasa, iskar farfela na daka ƙasa ta watsu gefe, ta naɗo sama da ƙura da tsakuwa da karmami, ta sake zubo su ta cikin farfelar. Cikin daƙiƙu kaɗan matuƙi ya daina ganin ƙasa da bishiya da mutane, jirgin na iya zamewa gefe bai sani ba, taya ta harɗe, farfela ta sari ƙasa. Shi ya sa ake yayyafa wa fili ruwa kafin saukar jirgi, a kuma janye jama'a nesa. Yashin da injuna ke shaƙa yana cin su a hankali, yana kuma zaizaye bakin rassan farfela, zafin rana kuma na rage wa iska kauri, ya rage nauyin da jirgin zai iya ɗagawa.

Saboda haka amfanin waɗannan jirage ya rataya ne a kan matuƙa da makanikai da kayan gyara, kuma kaso mai tsoka na wannan horo a jihar Kaduna ake bayar da shi. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, tana yaye matuƙa da injiniyoyin gyara da masu kula da zirga-zirgar jirage na farar hula, ta kuma taɓa mallakar jiragen Bell 206 guda biyu, samfurin da Agusta ta daɗe tana ƙerawa da lasisi. Cibiyar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna tana horar da injiniyoyi da makanikan rundunar, yayin da horon tuƙin jirage masu saukar ungulu na soja yake a Inugu. Injuna da rassan farfela da akasarin kayan gyara kuwa har yanzu daga Italiya da Turkiyya da Arewacin Amurka ake shigo da su, da kuɗin waje.