Daga ɗakin girki zuwa jikin jirgi: sunayen baƙar fata a jiragen ruwan Amurka

Tarihinmu na wannan karon zai leƙa ƙasar Amurka ne, mu duba sunayen da suke rubutawa a jikin jiragen ruwansu. Su a can ba a raɗa wa jirgi suna da ka. Gwamnati ce ke zaɓa, kuma wanda ta zaɓa tamkar ta ce wa duniya ne ga mutumin da ƙasa ke alfahari da shi. Shi ya sa aka daɗe ba a ga sunan baƙar fata a jikin jirgin gwamnati ba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa sun yi ta nutsar da jiragen dakon kaya. Sai Amurka ta shiga ƙera wasu masu sauƙin haɗawa da ake kira Liberty. Tsakanin 1941 da 1945 an ƙera guda 2,710, akasarinsu ɗauke da sunayen fitattun Amurkawa da suka riga mu gidan gaskiya. A cikin wannan adadi, 17 ne kacal aka sa wa sunan baƙar fata.

Na farkonsu shi ne Booker T. Washington, sunan malamin da aka haifa cikin bauta a 1856, ya kuma jagoranci makarantar Tuskegee a jihar Alabama tun daga 1881. An saka jirgin a ruwa ranar 29 ga Satumba, 1942 a Los Angeles. Kyaftin ɗinsa Hugh Mulzac, haifaffen tsibiran Karibiyan, ya riƙe takardar shaidar kyaftin sama da shekara ashirin, amma saboda launin fatarsa akasarin aikin da ya riƙa samu na kula da abinci ne. Da dama ta zo yana ɗan shekara 56, sai aka so a haɗa shi da ma'aikata baƙaƙe zalla. Ya ce a kai kasuwa, shi ba zai ja jirgin wariya ba. Hukuma ta sauko, aka ba shi ma'aikata farare da baƙaƙe, kuma jirgin ya yi zuwa da dawowa sau 22, ya yi jigilar sojoji kimanin 18,000.

A rundunar sojan ruwa ma haka abin yake. Farkon yaƙin, baƙar fata ba ya wuce aikin girki da hidimar hafsoshi. Irin aikin da Doris Miller, ɗan jihar Texas, ke yi ke nan a jirgin West Virginia ranar 7 ga Disamba, 1941, lokacin da Japan ta kai hari Pearl Harbor. Ya taimaka wajen ɗauke waɗanda suka ji rauni, har da kyaftin ɗin jirgin, sannan ya kama bindigar harbo jiragen sama wadda ba a taɓa koya masa ba, ya yi ta harbi. A Mayun 1942 aka ba shi lambar Navy Cross, shi ne baƙar fata na farko da ya samu. Ya rasu a Nuwamban 1943 da aka nutsar da jirgin Liscome Bay.

A shekarar 1943 ɗin ne aka samu jirgin yaƙi na farko mai sunan baƙar fata, wato Harmon, don tunawa da Leonard Harmon, shi ma mai hidimar abinci, wanda aka kashe a yaƙin Guadalcanal yana kare abokin aikinsa. Miller kuwa sai a 1973 wani matsakaicin jirgi ya ɗauki sunansa. A Janairun 2020 aka sanar cewa za a sa sunansa a wani katafaren jirgi mai ɗaukar jiragen sama, irin wanda aka fi sa wa sunayen shugabannin ƙasa.

Ana kuma sauke suna idan tunanin ƙasa ya sauya. A 2023 jirgin Chancellorsville, mai sunan fagen da dakarun Kudu masu kare bauta suka yi nasara, ya koma Robert Smalls. Smalls bawa ne da ya tsere da jirgin dakarun Kudu daga tashar Charleston a 1862, da iyalinsa a ciki, daga baya ya zama ɗan majalisar wakilai.

Sai dai kada sunayen su rufe mana ido. Miller ya mutu yana aikin girki duk da lambarsa. Mulzac kuwa, da jirginsa ya daina aiki bayan yaƙi, bai sake samun wani da zai ja a matsayin kyaftin ba har ya rasu a 1971. Karramawa ta zo, amma ta zo a makare. Mu ma a ƙungiyoyinmu akwai masu ɗawainiyar da ba a ambatonsu, ya kamata mu yaba musu tun suna raye. Allah Ya sa mu dace.