Yom Kippur: Ranar Kaffarar da Ta Tsira Daga Gobarar Haikali

A shekara ta 70 miladiyya dakarun Rumawa, ƙarƙashin Titus, suka cinna wa Haikalin Yahudawa na Birnin Ƙudus wuta. Saura ƙiris gobarar ta haɗa da Yom Kippur, ranar da ta fi kowace alfarma a wurin Yahudawa, domin ƙashin bayan ibadar ranar a cikin ginin nan yake.

Kafin nan, idan 10 ga watan Tishri ta zo, babban limami kan tuɓe kayan ado, ya sa fararen tufafi, ya shiga ɗaki mafi tsarki, wanda ba mai taka shi sai shi, shi ma sai a wannan rana kaɗai. A kawo bunsuru biyu, a yi musu ƙuri'a. Ɗaya a yanka. Ɗayan kuwa limamin ya ɗora masa hannu a ka, ya ambaci zunuban jama'a, a kora shi jeji. Kowa na azumi, amma neman gafarar al'umma yana hannun mutum ɗaya.

Da Haikali ya zama toka, malamai suka taru a garin Yabne tare da Yohanan ben Zakkai. Daga wannan zaure aka fara karantar da cewa addu'a, tuba da kyautata wa mutane za su maye gurbin yanka. Nauyin da limami ke ɗauka ya dawo wuyan kowa.

Littafin Mishna, da aka tattara wajen shekara ta 200, ya fayyace hukuncin: ba ci ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmi, ba kusantar iyali. Yau azumin kan kai awa 25. Ana buɗe shi da addu'ar Kol Nidre gab da faɗuwar rana, washegari da la'asar a karanta ƙissar Annabi Yunusa, a rufe da busa ƙahon rago.

Amma a ganina, gadon da ya fi daraja shi ne hukuncin malaman kan haƙƙin mutane. Sun ce ranar na kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma wanda ya zalunci ɗan'uwansa, azumi ba zai wanke shi ba sai ya je ya nemi yafiya. Shi ya sa a kwanaki goman da suka fara daga sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, ake ta neman afuwar juna. Idan wanda aka ɓata wa ya ƙi yafewa, an umarci mai laifi ya sake komawa, har sau uku.