Kiwo a Cikin Badala: Daga Zamanin Kura Zuwa Yau

Wanda ya ga cunkoson cikin birnin Kano a yau, gida a jikin gida, wani lungun ko mutum biyu ba sa jerawa, da wuya ya yarda cewa a cikin badalar nan an yi noma an yi kiwo, har kura ta riƙa kewaya gidaje da dare. Amma haka aka yi. Baturen nan Hugh Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran gonaki ne da lambuna. Ya ƙirga ƙofofi 15, ana buɗe su da hudowar rana, a rufe da faɗuwarta. Waɗanda suka ɗora harsashin ganuwar tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen 1095 zuwa 1134, da waɗanda suka faɗaɗa ta irin su Muhammadu Rumfa, yaƙi ne a ransu: idan abokan gaba suka yi wa gari zobe, a samu wurin shuka gero da wurin ɗaure dabba. Mai akuya da mai jaki sun ci moriyar wannan dabara fiye da yadda ake faɗa, domin ƙofar da aka rufe wa mahara ita ce aka rufe wa namun dawa.

Mu da muka taso a gidajen da ake kiwo, ba mu riski kura a cikin gari ba, labarinta muka riska a bakin kakanninmu. Suna cewa juji take bi, da inda mahauta ke zubar da ƙashi da tumbi, da maƙabarta, shi ya sa ake lulluɓe sabon kabari da ƙaya. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 aka daina kula da ganuwa kamar dā, ruwa ya yi ta cinta, ta yi giɓi a wurare da yawa, kura ta samu hanya. Jakin da aka manta a waje, da akuyar da ta ƙi shigowa da magariba, su ne rabonta. Wannan na cikin dalilan da suka sa turke yake can ƙuryar gida, bayan an wuce soro da tsakar gida. Dabba tana kwana inda mutum yake kwana, ƙofa ɗaya ce, kuma maigida ne ke saka mata sakata.

Sai dai ganuwa ba ta da rufi. Abokan gabar da suka fi cin dukiyar matan birni daga sama suke zuwa, ko ta kan katanga, ko ta kwararo. Shirwa tana shawagi a hankali, jelarta a tsage, tana karkata ta tana leƙen gidaje ɗaya bayan ɗaya. Shaho kuwa ba ya shawagi a fili, sai ya laɓe a kan rimi ko durumi, ya faɗo kamar jifa, kafin a ce kwabo ya tashi da ɗan tsako. Duk wanda ya yi kiwon kazar Hausa ya san wani kuka da take yi idan inuwa ta gifta, dogo mai kaifi, wanda ba ya kama da ƙyarƙyarar ƙwai. Da ta yi shi, 'yan tsaki goma za su ɓace a ƙiftawar ido, wasu ƙarƙashin turmi, wasu bayan randa, wasu su lafe a ƙasa ko motsi ba sa yi. Ita kuma ta buɗe fukafukai ta tasa ƙirji gaba. Yara su fito da gudu suna tafi suna ihu. Na sha ganin kazar da ta yi tsalle ta tari shirwa a iska har shirwar ta saki abin da ta ɗauka. Ba banza ba Bahaushe ya ce kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa.

Maganin wannan kwando ne. A kife uwar da 'ya'yanta a ciki, a zuba musu tsaki da ruwa a kasko, a jefa tsakuwa a kaskon kada ɗan tsako ya nutse. Idan an samu gara, an gama musu gata, domin babu abin da ke tayar da ɗan tsako kamarta. Sai sun yi fukafukai ake sakinsu, shi ma da la'asar, lokacin da mutane suka cika tsakar gida. Wasu kan shafa musu shuni ko wani rini, wai don shirwa ta kasa gane su.

Dare kuma na muzuru ne. Akurkin dā da ƙasa ake gina shi, a jikin katanga, bakinsa ɗan ƙarami, a toshe da tsohon faifai ko guntun tukunya a danne da dutse. Idan aka yi sakaci dare ɗaya, da safe gashi za a tarar. Muzuru ɗaya yake ɗauka ya tafi, amma tunku idan ya shiga sai ya kashe fiye da abin da zai ci. Gafiya ta haƙo rami ta ƙasa ta kwashe ƙwai daga ƙarƙashin kaza mai kwanci. Gidajen da ke bakin kududdufi, kuma birnin nan cike yake da kududdufai saboda a nan aka ɗebi ƙasar gina shi, suna fama da guza, musamman masu agwagi. Kwarkwasa ma da damina takan kashe 'yan tsaki a dare guda, sai a zagaye akurki da toka. Kowane maƙiyi da irin ɓarnarsa, tsohuwa kuwa da ta duba bakin akurki za ta gaya maka wanda ya zo.

Duk wannan wahala ana shanta ne saboda kiwon nan shi ne asusun matar aure. Ba ta fita kasuwa, amma kazarta tana yin kwanci sau biyu ko uku a shekara. Ta sayar da zakaru ta sayi akuya, akuya ta haihu ta haɗa ta sayi tunkiya, ranar aurar da 'ya ga kuɗin kwanuka da gado. Da damina a sayo ƙwan zabi daga ƙauye a saka wa kaza ta ƙyanƙyashe, don zabuwa ba ta iya reno ba. Akuyar ma ba a nan amfaninta ya tsaya ba. Fatar jar akuya, irin ta Sakkwato da Maraɗi da 'yar uwarta ta Kano, ita ake jemawa a Majema, wajen Ƙofar Wambai, a dā ta bi ta kasuwar Kurmi ta ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko alhali daga nan ta tashi. Takin turke kuwa a dā masu jakuna ke saye. Su shigo da itace da safe, su fita da mangala cike da taki da shara zuwa gonakin da ke kewaye da birni. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa wannan taki na cikin abin da ya sa ake noma gonakin nan kowace shekara ba hutu. Shanu kuma tun dā suna da mazauni a sarautar gari: tarihin Kano ya ce Sarki Kutumbi, a ƙarni na 17, shi ya fara karɓar jangali, shi ya naɗa Sarkin Shanu.

Abin da ya karya makiyaya da gaske bai taɓa zama mai haƙori ko farce ba. Annobar bushiya da ta ratsa ƙasar Hausa wajen 1890 ta kashe shanun da kuraye ba za su iya ci ba ko a shekara ɗari. Yaƙi da ita ne ya sa aka kafa cibiyar binciken dabbobi a Vom a 1924, ta sake ɓarkewa a 1983, sai a 2011 aka bayyana an kawar da ita daga duniya. Kaji su ma suna da tasu, cutar Newcastle, wadda ke zuwa da hunturu: kaza ta yi zugum, ta saki fukafukai, kashinta ya yi kore, wuyanta ya murɗe. A mako guda sai ta share unguwa. Iyayenmu suna jiƙa barkono ko ɓawon maɗaci a ruwan sha, amma gaskiya wadda za ta tashi ce take tashi.

Daga shekarun 1970 aka shiga sabon babi. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976 ya kwaɗaitar da ma'aikata kiwon kaji a bayan gida, kajin Turawa suka shigo, masu ƙwai da masu nama, daga baya cibiyar NAPRI ta Shika ta fitar da irinta, ShikaBrown. Waɗannan kaji ba su san shirwa ba, ba su iya tono ba, ba sa kwanci. Keji da waya suka raba su da muzuru, sai suka faɗa hannun mai sayar da abinci da mai sayar da magani. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji, karo na farko a Afirka, nan da nan ta iso Kano. Mutane suka tsaya suna kallo ana kashe kajinsu ana binnewa. Ta sake dawowa a 2015. Akwai waɗanda daga nan ba su ƙara kiwo ba.

Yau wanda yake son ganin kura sai ya je Gidan Zoo, ko ya jira masu wasa da ita su zo wucewa da takunkumi a bakinta. Filayen cikin badala irin su Gwammaja sun zama unguwanni, yawancin kududdufai an cike su, rafin Jakara ma an rufe wani sashensa da titi. Kiwo ya hau saman bene, ko ya koma ragon layya ɗaya a turke ana ba shi dusa da harawa. Masu hali sun fitar da gonakinsu zuwa Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu, inda tunku da muzuru da maciji ke nan daram. Can ma idan ka tambayi mai gona abin da ke hana shi barci, ɓarawo zai fara ambata, sannan kuɗin masara. Dajin Falgore da aka keɓe don namun dawa, a 'yan shekarun baya da ɓarayin shanu ya fi yin suna.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke raina kazar Hausa. Ana cewa ba ta da nama, ba ta ƙwai da yawa, kuma gaskiya ne. Amma ɗaruruwan shekaru shirwa da muzuru da hunturu suna tankaɗe ta, wadda ta rage ita ce mai ido, mai gudu, mai iya reno, mai neman abincinta da kanta. Talaka ba shi da wata kazar da zai riƙe ba tare da bashi ba sai ita, ga shi kuma har gobe a kasuwa ta fi ta gidan gona daraja. Abu biyu kawai take nema. Na ɗaya, wurin kwana mai ƙofa, da kwando na makonnin farko. Na biyu, rigakafin Newcastle, irin wanda ake yi a Vom, mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido. Ya kamata hukumar kula da dabbobi ta jiha ta riƙa shigo da shi unguwa-unguwa ta hannun masu unguwanni, mata ma'aikata su shiga gidaje, tun da masu kajin suna ciki. Mai karatu kuma, idan akwai kaji a gidanku, a nemi malamin dabbobi a yi musu tun kaka, kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.