Yadda Sarautar Jamus Ta Faɗi

Kafin 1871 Jamusawa ba su da sarki guda. Akwai na Furushiya, da na Babariya, da na Sakisoni, ga kuma ƙananan sarakuna barkatai. Waziri Bismak ne ya haɗa kansu, aka naɗa Wilhelm na Ɗaya ya zama Kaisa. Jikansa, Wilhelm na Biyu, shi ya sallami Bismak a 1890, ya shiga yin gaban kansa. Da aka ci Jamus da yaƙi a 1918, sai ya gudu Holan, can ya rasu a 1941. Sauran sarakunan ma duk suka sauka daga karaga. Ni dai a ganina, 'yan'uwa ɗalibai, ranar da Kaisa ya raina shawarar waziri, ranar rawaninsa ya fara warwarewa.